Bishiyar Kirsimeti ta Gaske a Dubai

Tambaya: A Dubai muke zaune. Mu sayi bishiyar Kirsimeti ta gaske ko ta roba?

Amsa: 'Yar'uwa, sayi ta gaske, amma kada ki yi gaggawa. Daga ƙasashe masu sanyi irin Denmark ake saro ta, ta sha doguwar tafiya kafin ta iso falonki. Wasu za su ce zafin hamada zai ƙone ta, alhali Disamba ba ta da zafi sosai a can. Busasshiyar iskar na'urar sanyaya ɗaki ce matsalar. Jira tsakiyar watan, in kin je saye girgiza reshe, in ganye ya zube ki bar wa masu sayarwa. Datse gindin kaɗan, ki riƙa ƙara ruwa kullum. Ta roba kuwa, arharta sai an adana ta shekaru, kuma wurin ajiya a gidajen haya na Dubai tsada gare shi.