Yadda ake tantance ingancin hosfis kafin a danƙa masa majinyaci a Amurka

A asibitocin Amurka, idan likitoci suka ga magani ya daina cin ciwo, jami'ar walwala takan shigo ɗaki da takarda mai ɗauke da sunayen hosfis na yankin, ta ce iyali su zaɓi ɗaya kafin sallama. 'Yan uwanmu mazauna Bronx ko Shikago, waɗanda suka ɗauko iyaye zuwa can ko su kansu tsufa ya riske su a can, galibi sunan farko suke nunawa, don a irin wannan rana ba mai natsuwar bincike. Alhali zaɓin haƙƙin majinyaci ne da iyalinsa, ba na asibiti ba, kuma tazarar da ke tsakanin nagari da na banza tana da faɗi.

Hosfis tsari ne na kula da mai ciwon da ba a sa ran warkewarsa: a rage masa raɗaɗi, a tsaftace shi, a tallafa wa masu jinyarsa. Cicely Saunders ce ta buɗe na farko irin na zamani, St Christopher's, a Landan a 1967. Amurka ta samu nata a jihar Konetikat a 1974, sannan a 1982 aka shigar da shi cikin inshorar Medicare. Sharaɗin shiga shi ne likita ya sa hannu cewa in ciwon ya bi hanyarsa ta al'ada, kwanan da ya rage ba zai wuce wata shida ba. Kada wannan ya tayar da hankalin kowa. Ajali na Allah ne, wata shidan ma'aunin biyan kuɗi ne kawai. Ana sabunta takardar bayan kwana 90, a sake bayan wasu 90, daga nan duk kwana 60, ba iyaka. Kuma yawancin aikin a gida ake yin sa, ma'aikata ne ke zuwa su tarar da majinyaci a gadonsa.

Mataki na 1: San yadda ake biyan su

Medicare na biyan hosfis kuɗin kowace rana da majinyaci ke cikin rajistarsa, ko an leƙo shi ranar ko ba a leƙo ba. Nan ne gizo ke saƙar. Duk ziyarar da aka fasa riba ce ga kamfani, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na hosfis ɗin ƙasar yanzu na neman riba ne. Ba cewa ake duk ɗan kasuwa macuci ne ba, akwai nagartattu a cikinsu. Amma abin ya taɓa ƙazanta har jihar Kalifoniya ta dakatar da ba da sabon lasisin hosfis daga farkon 2022, saboda kamfanonin bogi da suka cika Los Anjeles. Don haka tambayar da za ka riƙe tun daga farko har ƙarshe ita ce: wa zai zo, sau nawa, kuma cikin minti nawa idan dare ya raba?

Mataki na 2: Duba abin da gwamnati ta riga ta tattara

Shiga shafin Care Compare na Medicare, ka zaɓi sashen hosfis, ka sa lambar yankinku. Za ka iya jera uku ka gwada su. Abubuwa da yawa za su fito, amma biyu ne suka fi nauyi a wurina.

Na ɗaya, amsoshin iyalan da aka yi wa rasuwa. Bayan mutuwar majinyaci ana aika wa wanda ya yi jinyarsa tambayoyi: an zo da taimako a kan lokaci? an shawo kan ciwo? an koya muku yadda za ku kula da shi? za ku ba wani shawarar ya zo nan? Daga 2022 ana taƙaita wannan da taurari, ɗaya zuwa biyar. Ƙananan hosfis sukan fito ba tauraro saboda amsoshinsu ba su kai adadin da ake buƙata ba. Wannan ba laifi ba ne, sai dai aikin bincike ya dawo kanka.

Na biyu, ziyarar kwanakin ƙarshe: kashi nawa na majinyatansu nas ko jami'in walwala ya ziyarta ido da ido a aƙalla kwana biyu cikin ukun ƙarshe na rayuwarsu. Idan adadin ya yi ƙasa da na jihar sosai, ka tsallake sunan. Hosfis da ba ya nan a kwanakin gargara, yaushe zai kasance?

Sannan ka nemi rahoton binciken ƙarshe da hukumar lafiya ta jiha ta yi musu. Doka ta ce a bincike su aƙalla sau ɗaya cikin wata 36. Samun aibi kaɗai ba ya kore su, domin rahoton babban sufeton ma'aikatar lafiya na 2019 ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka bincika an same su da aƙalla aibi ɗaya. Irin aibin za ka duba: kuskuren cike takarda daban, barin gyambo ya ruɓe daban. Shaidar ƙungiyoyin tantancewa irin su Joint Commission ko CHAP ko ACHC ƙari ce mai kyau, ba ta kuma maye gurbin idonka.

Mataki na 3: Gwada layin dare da kanka

Kowane hosfis zai ce maka yana aiki awa 24. Dole ne ma ya faɗa, sharaɗin Medicare ne. Kai dai ka karɓi lambar da ake kira bayan an tashi daga aiki, ka buga da ƙarfe goma sha ɗaya na daren Asabar, ka ce kai mai neman bayani ne. Ka lura: mutum ne ya ɗauka ko na'ura? In mai karɓar saƙo ne, minti nawa kafin nas ta kira ka? Nas ɗin ma'aikaciyarsu ce da ke iya buɗe fayil ɗin majinyaci, ko wani kamfani ne a wata jiha?

Washegari, idan wakiliyarsu ta zo da ƙasidu masu hoton furanni, ajiye ƙasidun ka tambaye ta da lambobi. Majinyata nawa ke hannun nas ɗaya? Daga ina mai aikin dare ke tasowa, kuma tafiyar minti nawa ce zuwa gidanku? Mai taimakon wanka sau nawa za ta zo a mako, kuma za ta daɗe nawa? Idan magani ya ƙare ranar Lahadi, wane kantin magani ne zai kawo? Wadda ta san aikinta za ta ce maka "cikin awa ɗaya" ko "sau uku a mako". Wadda ta yi ta maimaita "gwargwadon buƙata" ba ta ba ka amsa ba. Ka rubuta abin da ta faɗa a gabanta, da kwanan wata.

Mataki na 4: Tambayi matakan kulawa huɗu

Dole kowane hosfis na Medicare ya iya ba da huɗu: kulawar gida ta yau da kullum, zaman ma'aikaci a gida na aƙalla awa 8 a rana idan ciwo ya rikice, kwantarwa a asibiti ko sashen hosfis idan abin ya gagara a gida, da hutun masu jinya, inda ake karɓar majinyaci har kwana biyar. Akwai waɗanda a takarda kawai suke da na biyu da na uku. Ka ce a faɗa maka sunan wurin da suke kwantarwa da lokacin da suka kai wani can na baya-bayan nan. In da hali ka je ka gani, hanci ma zai ba ka labari tun daga bakin ƙofa.

Mataki na 5: Sa ido a makon farko, musamman kan ciwo

Bayan sa hannu, nas za ta zo duba na farko cikin awa 48, a kammala cikakken nazari cikin kwana biyar, sannan tawagar likita da nas da jami'in walwala da mai ba da shawara su riƙa bitar tsarin kulawar aƙalla duk kwana 15. Nemi kwafin tsarin. Gadon asibiti, keken guragu da iskar oksijin duk aikinsu ne su kawo, kuma nagari kan kawo gadon tun kafin majinyaci ya iso gida.

Yawanci za a ba ku ɗan akwatin maganin gaggawa: ruwan mofin da ƙaramin sirinji marar allura da ake ɗiga shi a gefen kunci, maganin firgita, na amai, da na rage kakarin maƙogwaro. A nan ake gane nas ta ƙwarai. Za ta zauna ta buɗe akwatin, ta sa ka zuƙi ruwa a sirinjin har layin da aka ce, ta rubuta maka awannin da manyan baƙaƙe, ta manna lambar waya a jikin firiji. Za ta kuma haɗa da maganin sassauta ciki tun ranar farko, domin mofin na ɗaure bayan gida. Wadda ta ajiye akwatin a kan tebur ta ce ka karanta takardar ciki, ta bar ka da aikinta.

Akwai matsalar da ta shafe mu musamman. Ma'aikatan can kan tambayi majinyaci ya auna ciwonsa daga sifiri zuwa goma. Dattijon Bahaushe kuwa, ko ƙashinsa na tsattsagewa, "Alhamdulillahi, da sauƙi" zai ce, balle a gaban baƙuwa. Nas mai gaggawa sai ta rubuta babu ciwo ta wuce. Mai lura za ta ga ya ɗaure fuska lokacin da ake juya shi, ya damƙe bakin zanin gado, numfashinsa ya ƙaru. Aikinku ne ku gaya mata al'adar tun farko, ku kuma lallashe shi: "Baba, don Allah ku faɗa mata gaskiya, ranar wanka ba a ɓoye cibi." Ku nemi tafinta idan Turancin majinyaci bai kai ba, duk mai karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar da shi kyauta, ko ta waya ne. Bai dace a ɗora wa jika ɗan shekara goma sha biyu fassarar maganar mutuwar kakarsa ba.

Kullum a duba ƙugu, duwawu da dugadugai. Jan tabon da ba ya washewa idan an danna shi farkon gyambon kwanciya ne. A nuna wa nas ranar, a ga ko za ta kawo katifar iska ta koya muku juya shi kamar duk awa biyu.

Mataki na 6: Maganar addini, a yi ta tun da wuri

Kunya kan sa mu jinkirta wannan, sai a zo ana cacar baki a ranar da ba ta dace ba. Ka tambaya kai tsaye: za a samu mace ta yi wa Hajiya wanka kowane lokaci, har ƙarshen mako? Mai ba da shawarar addininsu zai haɗa kai da limaminku ko fastonku, ko kuwa nasa zai zo ya yi? A wurin kwanciyarsu, an iyakance yawan masu dubiya? Mu da muke zuwa gaishe da marar lafiya goma-goma, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Za a bari a juya gado ya fuskanci alƙibla, a yi karatu a ɗakin?

Iyalai da yawa na tsoron mofin zai gusar da hankali har a kasa laƙƙana wa majinyaci kalmar shahada. Ka faɗa wa likitan wannan damuwa. Nagari zai fara da ɗan kaɗan ya riƙa ƙarawa a hankali, ya tattauna da ku a kan inda kuke so a tsaya tsakanin raɗaɗi da barci. Wanda ya yi watsi da tambayar, haka zai yi da sauran.

Sai batun jana'iza. Idan rai ya yi halinsa a gida, hosfis ake kira, ba lambar gaggawa ta 911 ba. Tambayi awa nawa nas ke ɗauka kafin ta iso ta tabbatar da rasuwar, da kuma wa zai sa hannu a takardar shaidar mutuwa idan Juma'a ce da dare, domin sai takardu sun kammala ake samun izinin binnewa. Ka ba su sunan gidan shirya gawa da masallacinku ke hulɗa da shi, a rubuta a fayil. Bayan haka akwai tallafin zaman makoki da suke bai wa iyali har shekara guda.

Mataki na 7: Kuɗi

A ƙarƙashin Medicare, abin da za a iya karɓa a hannunku bai wuce dala 5 kan kowane maganin rage ciwo ba, da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin hutun masu jinya. Kuɗin ɗaki da abinci a gidan tsofaffi ba ya ciki. Kuna da damar neman rubutaccen jerin magunguna da kayan da suka ce ba su shafi ciwon ba, don haka ba za su biya ba. Iyayen da suka shigo da bizar ziyara ba su da Medicare. A nan sai a tambayi hosfis masu zaman agaji ko suna da asusun marasa inshora. Kuma ba sharaɗi ba ne sai an sa hannu a takardar hana farfaɗo da zuciya kafin a karɓi majinyaci.

Mataki na 8: In abin bai yi ba, a sauya

Ajiye littafi kusa da gado: wa ya zo, ƙarfe nawa, me ya yi, yaushe kuka kira, yaushe aka amsa. Idan ziyara ta fara tsallakewa, ko kullum sabuwar fuska, ko ciwo ya kwana biyu ba a canza magani ba, kai littafin ga shugabar nas-nas ɗinsu. In ba a gyara ba, kai ƙara hukumar lafiya ta jiha ko ka kira 1-800-MEDICARE. Idan masu hosfis ɗin ne suka ce za su sallami majinyaci don wai ya murmure, dole su ba ku sanarwa a rubuce aƙalla kwana biyu kafin ranar, kuma a jikinta akwai lambar ɗaukaka ƙara cikin gaggawa.

Majinyaci na iya fita daga tsarin gaba ɗaya duk ranar da ya so ya koma neman magani, ya kuma dawo daga baya. Sauya hosfis kuwa sau ɗaya ake yi a kowane zangon nan na kwana 90 ko 60: ka fara samun sabon ya amince, ka sa hannu a takarda mai sunayen biyun da ranar sauyi, ka ba kowannensu kwafi. Ka tabbatar sabon gado da iskar oksijin da magunguna sun iso gida kafin tsohon kamfanin ya aiko a kwashe nasa.