Darasi: Aikin Sa Kai na Kiwon Lafiya a Cikin Birnin Kano

Ziyarar marasa lafiya tana cikin ayyukan jinƙai da Ekklesiya take koya mana. Amma yawancinmu mazauna waje ne. Da zarar mun shiga ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Nassarawa, baƙi muke, kome daɗewarmu a Kano. Saboda haka wanda zai ba da kansa ga aikin lafiya a cikin birni, ya wajaba ya san abin da mutanen wurin suka gani kafin zuwansa.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano. Yara kusan 200 ne gwajin ya shafa, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayani ba. Wannan tabo bai warke ba sa'ad da gwamnatin jihar ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Ba a koma ba sai Yulin 2004, cutar kuwa ta yaɗu har Sudan da Yaman da Indonesiya. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano. Jita-jitar ba gaskiya ba ce, amma uwar da ta ɓoye ɗanta a ɗaka ba jahila ba ce, kada mu kira ta haka.

Abin da ya buɗe ƙofofi shi ne fuskar da aka sani. Sarakuna da malamai suka sa baki, aka kuma ɗauki matan unguwa suna bi gida gida, suna zuwa suna, suna tambayar mai ciki ko ta je awo. A Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna.

To, ga yadda za mu yi. Mu shiga ƙarƙashin shirin da yake akwai, ta hannun asibitin sha-ka-tafi na unguwar. Mu fara gaida mai unguwa. Namiji iyakarsa zaure, shiga cikin gida aikin 'yan Zumuntar Mata ne, da suturar da ta dace. Kada mu haɗa magani da wa'azi, ko da a kaikaice: wanda yake kwance ba shi da ƙarfin cewa a'a, a ganinmu kuwa cin amana ne a yi amfani da wannan. Wanda ba ma'aikacin jinya ba kada ya ba da ko ƙwaya ɗaya. Idan ya ga yaro da zazzaɓi mai zafi ko jijjiga, ya raka iyayensa Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Murtala, ya tsaya tare da su har a yanki kati.