Gyaran Gashin Jimina Domin Adon Malafa

Wannan takarda an yi ta ne domin hakimai da malamansu, su san yadda ake tausasa gashin tsuntsu a lanƙwasa shi, su kuma san abin da ke ba shi daraja.

Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin gashin jimina. An ce Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara riƙon figini da sa takalman gashin jimina. A ƙarni na 19 kuwa ayari kan ɗauki gashin daga Kano da Barno da Damagaram zuwa Tarabulus, daga can a kai shi Landan da Faris, inda ake ƙawata malafar mata da shi. Saboda kyawun jiminar yankin nan ne Gwamnatin Afirka ta Kudu ta aiko mutanenta a 1911 su sayi masu rai don iri. A 1913 gashin jimina shi ne na huɗu cikin kayan da ƙasar ke fitarwa, bayan zinariya da lu'ulu'u da ulu. A 1914 kasuwar ta faɗi, saboda yaƙi, da kuma yawaitar motoci marasa rufi, waɗanda iskarsu ba ta barin doguwar malafa a ka.

To, ga yadda aikin yake. Ƙaran gashi, watau sandan nan na tsakiya, asalinsa ɗaya da ƙaho da farce. Ɗumi da laima suna tausasa shi, in ya huce ya bushe sai ya tsaya yadda aka bar shi. Wanda ya tanƙwara shi a bushe zai karya shi, wanda ya kusantar da shi ga harshen wuta zai babbake shi.

Na farko, a wanke gashin cikin ruwa mai ɗumi da sabulu, a bi shi da hannu daga gindi zuwa tsini. A ɗauraye, a riƙa kaɗa shi a inuwa har ya bushe.

Na biyu, in ƙaran ya cika kauri, a kankare bayansa da wuƙa kaɗan kaɗan, kada a kai ga hudawa.

Na uku, a riƙe shi bisa tururin tafasasshen ruwa har ya yi laushi. Tun da ɗuminsa a riƙa danna ƙaran da farcen babban yatsa, taki-taki, har ya rusuna.

Na huɗu, a kama zaruruwan gashin 'yan kaɗan, a ja su tsakanin babban yatsa da bayan wuƙa, daga jikin ƙara zuwa baki. Sai su nannaɗe. In gashin bai cika ba, akan ɗinke biyu ko uku wuri ɗaya.

Ƙaran da aka fige shi tas kuwa, jiƙa shi ake yi cikin ruwan zafi, a naɗa shi a jikin sanda ko kwalba, a ɗaure da zare, a bar shi ya bushe sarai kafin a kwance.

Gashin da aka gyara a naɗe shi cikin takarda a ajiye a busasshen wuri, gama laima tana warware lanƙwasa, asu kuma yana cin gashin.

Saura magana a kan tsuntsuwar kanta. Masu kiwon jimina ba su kashe ta don gashi. Sukan yanke shi bisa fata in ya nuna, su bar gindin ya bushe kana su cire, wani ya tsiro. Farauta kuwa ta kusa ƙarar da jiminar dajin Nijeriya da Nijar, har yarjejeniyar CITES ta hana cinikinta tsakanin ƙasashe.

Saboda haka ana roƙon hakimai su gargaɗi maharba da dillalai. Malamai kuma su rubuta kayan gashin da ke gidan sarauta, su riƙa duba su kafin damina da bayanta, domin wanda asu ya cinye ba shi gyaruwa.