Darasi: Tawakkali da Allurar Rigakafin Yara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa, tambaya ce da ake yawan kawo wa muƙaddamai bayan wazifa: shin kai yaro a yi masa lamba alhali lafiyarsa ƙalau ba raunin tawakkali ba ne? Kuma ta yaya za mu yarda da abin da ba mu san asalinsa ba?

Mu fara da tawakkali. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi kuwa aikin gaɓoɓi ne, ba sa karo da juna. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. Haka kuma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba, sai ya juya da jama'a, ya bayyana cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wannan shi ne rigakafi: ɗaukar mataki kafin cuta ta iso. Allura ba ta warkarwa da ikon kanta, Allah ne Mai tsarewa, ita sababi ce kamar rumbun da manomi ke cikawa tun kaka.

Sai maganar yarda. Shakkar iyaye tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, wani kamfanin Amurka ya gwada sabon magani a kan yara kusan 200, 11 suka rasu, har magana ta kai kotu. Magani ne aka gwada, ba allurar rigakafi ba, amma tabon ya zauna a zukata. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano saboda jita-jitar yana hana haihuwa, sai a 2004 aka koma yi. A tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma kowa ya san zirga-zirgar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, da Damagaram da Kano. Yaran da suka shanye a lokacin yau magidanta ne, suna jan ƙafa.

To mu dubi abin da ido ya gani. Dattawanmu sun san agana da zanen da take bari a fuska, ga shi tun 1980 an tabbatar da ƙarewarta a duniya ta hanyar lamba. A 2010 aka fara sabuwar allurar sanƙarau a Nijar da Mali da Burkina Faso, nau'in da ya fi kisa a da ya ja baya ƙwarai. Alhazanmu ma ba sa shiga Saudiyya sai da shaidar allurar sanƙarau, ba mu taɓa jin wanda ya ce hajjinsa ya rasa tawakkali ba. Me ya sa abin da uba ya yarda wa kansa zai hana ɗansa?

Yaro amana ne, ba ya iya zaɓar wa kansa. Saboda haka:

Na ɗaya, a kiyaye lokuta: da haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 don ƙyanda da shawara. A adana karnen yaro.

Na biyu, maigida ya ba uwargida izini da kuɗin hanya, in da hali ya raka ta.

Na uku, ɗan zazzaɓi ko kumburi bayan allura yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya tsananta a koma likita.

Na huɗu, kar a tura saƙon WhatsApp da ba a tantance ba. Mai shakka ya tambayi ma'aikacin lafiya, shi kuma ya amsa da haƙuri, domin tsawa ɗaya takan hana uwa komawa.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya da imani, Ya ba marasa lafiya sauƙi, albarkar Annabi (SAW). Amin.