Laimar Kwaɗi: Dangi Ɗaya, Hali Daban

Da zarar damina ta kankama a Tamawa da sauran ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, sai laimar kwaɗi ta ɓullo a juji da gindin itatuwa da jikin suri. Ɗalibin da ya ga hoton irin wadda ake nomawa yana iya zaton duk ɗaya ce, alhali ko 'yan gida ɗaya sukan bambanta ƙwarai.

Alal misali, akwai Agaricus bisporus, wadda tun 1707 aka rubuta yadda Faransawa ke noma ta a kan takin doki. Tana da 'yar'uwa ta daji a Turai da Arewacin Afirka, wato Agaricus xanthodermus. Ita ma fara ce, mai zobe a wuya. Amma in an kankare gindinta, nan take yakan koma ruwan ɗorawa, ga wari kamar na tawada. Wanda ya ci ta kan kwana da amai da gudawa. Don haka a aji, kankarewa da sansanawa ake yi, ban da ɗanɗanawa.

Ta suri kuwa, Termitomyces, ana cin ta a sassan Afirka da dama, amma ta gagari manoma, domin gara ce ke kiwonta cikin suri.