Yadda Ake Tsame Alƙaluman da Suka Fita Zakka Kafin a Fitar da Matsakaicin Amfanin Gona

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, ita ke shayar da filayen noman rani na Maradun da Talata Mafara da Bakura. Duk wanda aka ɗora wa tattara bayanan waɗannan gonaki, malamin gona ne ko ɗalibin lissafi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, tambayar da za a fara yi masa ita ce: buhu nawa na shinkafa hekta ɗaya ke bayarwa a kowane yanki? Amsar tana wajen matsakaici, shi kuwa adadi ɗaya tak da aka shigar ba daidai ba yana iya karkatar da shi.

Ga misali na koyarwa. Gonaki goma sun ba da buhu 38, 40, 41, 42, 43, 44, 45, 46, 47 da 420 a hekta. Na ƙarshen 42 ne, mai shigarwa ya ƙara sifili. Jimillarsu 806, matsakaici 80.6, alhali a gaskiya ko buhu 50 babu gonar da ta yi. A layi goma ido zai kama kuskuren, amma idan layukan sun kai dubu ɗari sai an sa kwamfuta. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Daidaita ma'auni

Kafin kowane lissafi, mai da komai zuwa ma'auni ɗaya. Wani manomi da buhu yake ƙirga, wani da tiya, wani da kilo. Wani ya faɗi girman gonarsa da eka, wani da hekta. Haka nan shanshera daban take da gyararriyar shinkafa. Ka kuma bambanta gurbin da aka bari fayau da wanda aka rubuta sifili. Na farko ba a samu bayani ba ne, sai a ware shi gefe; na biyu yana cewa gonar ba ta ba da komai ba.

Mataki na 2: Kasa bayanan rukuni-rukuni

Raba layukan bisa ƙaramar hukuma da lokacin noma: Bakura rani, Bakura damina, Maradun rani, haka har ka gama. Idan kana da sunan sashen da kowace hanyar ruwa ke shayarwa, sa shi ma, domin gonar da ke kusa da babbar hanyar ruwa ba a haɗa ta da wadda ke can ƙarshen layi.

Mataki na 3: Fitar da iyaka biyu ga kowane rukuni

Jera alƙaluman rukunin daga ƙarami zuwa babba. Iyakar ƙasa ita ce adadin da kashi 5 cikin ɗari na gonaki suke ƙasa da shi, iyakar sama kuma adadin da kashi 95 cikin ɗari suke ƙasa da shi. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe: a fitar da iyaka ɗaya ga dukkan bayanai, sannan a yanke kowane rukuni da ita. Idan wani yanki ya fi samun ruwa, sai a zubar da gonakinsa masu kyau a matsayin kuskure, kurakuran yankin da ba ya samu kuma su sulale. Kowane rukuni da iyakokinsa.

A Python, manhajar pandas na yin wannan da groupby da quantile, a ba ta 0.05 da 0.95. A manhajojin sarrafa manyan bayanai irin su Spark ko Hive, percentile_approx ake amfani da shi. Ƙiyasi yake bayarwa, domin jera miliyoyin layuka da ke warwatse a kwamfutoci da yawa aiki ne mai cin lokaci. Mai aiki da Apache Pig zai samu Quantile da StreamingQuantile a ƙunshin DataFu, kuma na farkon sai an jera masa alƙaluman kafin a miƙa masa. Idan bayanan ba su da yawa, PERCENTILE da AVERAGEIFS na Excel sun wadatar.

Mataki na 4: Haɗa iyakokin da asalin bayanai

Yanzu kana da ɗan ƙaramin jadawali, layi ɗaya ga kowane rukuni. Haɗa shi da babban jadawalin ta sunan rukuni, yadda kowace gona za ta zo da iyakokinta a gefenta. A Spark, tura ƙaramin jadawalin ga dukkan kwamfutocin da broadcast, aikin zai fi sauri.

Mataki na 5: Tace, sannan ka fitar da matsakaici

Riƙe duk layin da ya faɗa tsakanin iyakokin biyu, har da wanda ya yi daidai da iyaka. A misalinmu pandas zai ba da iyakar ƙasa 38.9, ta sama 252.15. Saboda haka 420 ya fita, 38 ma ya fita. Gonaki takwas da suka rage jimillarsu 348, matsakaici 43.5.

Ka lura, 38 ba shi da laifin komai. Wannan hanya tana yanke gefe biyu ko da babu kuskure, kamar mai tsince tsakuwa ne da dole 'yan ƙwayoyin shinkafa su bi hannunsa.

Mataki na 6: Duba abin da ka cire

Kada ka goge layukan da suka fita. Adana su a jadawali na daban ka bi su. Wanda ya zama kuskuren rubutu a gyara shi a mayar. Amma gonar da ta ba da buhu biyar saboda ambaliya, ko toshewar hanyar ruwa, ko don 'yan bindiga sun hana mai ita zuwa girbi, gaskiya ta faɗa. Idan rahoton na neman tallafi ne ko auna asara, irin waɗannan gonaki su ne kan magana, cire su kuwa zalunci ne ga masu su.

Mataki na 7: Kula da ƙananan rukunai

Rukunin da gonakinsa ba su wuce goma ko ashirin ba, yanka yana rage shi da yawa. Gara a ɗauki adadin tsakiya bayan an jera. A misalinmu, tsakanin 43 da 44 ne, wato 43.5, ba tare da an cire ko gona ɗaya ba.

A rahotonka, ka rubuta wa kowane rukuni abu huɗu: yawan gonakin da aka fara da su, yawan waɗanda aka cire, matsakaici kafin tacewa, da matsakaici bayanta. Ka faɗi kason da ka yanke, ka kuma tsai da shi tun kafin ka ga sakamako. Wanda ya yi ta sauya iyaka har adadin ya yi masa daɗi, son ransa ya rubuta, kuma manoman da za a raba wa taki da ruwa bisa wannan adadi su ne za su ɗanɗana kuɗarsa.