Zaɓen A-kori-kura Don Jan Babbar Tirela

Gabatarwa

Manoma da ƙungiyoyinsu kan sayi a-kori-kura don jan tirelar taki, hatsi ko dabbobi. Idan tirela ta fi ƙarfin mota, kuloci kan ƙone, inji ya yi zafi, birki kuma ya ƙi ci a gangara. Saboda haka a san nauyin kaya kafin a zaɓi mota.

Abubuwan Lura

1. Haɗa nauyin tirela da na kayanta. Misali, tirela mai kilo 800 ɗauke da buhun masara 25 masu kilo 100 kowanne ta kai kilo 3,300.

2. Duba iyakar nauyin ja a littafin motar. Wasu samfuran Toyota Hilux masu injin dizal suna jan kilo 3,500, muddin tirela tana da birkinta. Marar birki kada ta wuce kilo 750.

3. Kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela yana sauka a kan ƙugiyar ja, wato kilo 330 a misalinmu. A rage shi daga lodin bayan motar.

4. Inda hanyar gona ke da laka ko yashi, zaɓi motar da ƙafafunta huɗu ke ja.

5. Idan motar ta hannu ce, bakanike ya duba lagireto, birki da shasi. A jikin shasi ake ɗaure ƙugiya.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai.